Zambar ɗari biyar a Tasawa

A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a Tasawa, ya ga mutane biyar ko shida suna taya wani fatake ƙirga wuri 500,000. Biyar-biyar suke ja da yatsu, suna tara tsibi na 200 ko na 1,000. Wuri 20 shi ne hauya, 100 zangu, 20,000 keso guda.

Wannan adadi ya dace da tsarin ƙwarai. In an warware shi, babu kome cikinsa sai 2 sau biyar da 5 sau shida, ana ninka su da juna. Saboda haka yana rabuwa ba saura: hauya 25,000, ko tsibin 200 guda 2,500, ko keso 25. Lambobi 42 ne ke raba shi daidai, amma 3 da 7 ba sa cikinsu.

Wuri ya ɓace zamanin Faransawa, ƙirga biyar-biyar kuwa ta zauna. A kasuwannin Tasawa da Mayahi dala tamma biyar ce, jika kuma dala 200, watau tamma 1,000. Manomi na ganin 500 a takardar kuɗi, bakinsa na cewa dala ɗari.

Ya kamata masu tsara yaƙi da jahilci su lura. Littafin lissafin da bai bambanta adadin rubutu da adadin kasuwa ba zai bar ɗalibi yana kuskure ninki biyar, ga shi kuwa gwanin lissafin ka ne tun kakanni.