Oksideshan ɗin LDL

Oksideshan ɗin LDL shi ne lalacewar da ke samun ƙwayoyin LDL idan kitsen cikinsu ya haɗu da iskar oksijin, kamar yadda man gyaɗa ke canza wari idan ya daɗe a buɗe. LDL nau'in lipoprotin ne, wato ƙunshin kitse da furotin da ke jigilar kolestarol a cikin jini. Ayon na jan ƙarfe da na baƙin ƙarfe, da kuma amino asid masu ɗauke da farar wuta, suna iya hanzarta wannan lalacewa ko su rage ta.

Muhimmanci

Fararen ƙwayoyin jini da ake kira makrofaj ba sa haɗiye lafiyayyen LDL da yawa, amma suna haɗiye wanda ya lalace har su cika da kitse. Taruwar irin waɗannan ƙwayoyi a bangon jijiya ita ce matakin farko na toshewar jijiyoyin jini, wadda ke haddasa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Daniel Steinberg da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, a Amurka, su ne suka fi yaɗa wannan ra'ayi a shekarun 1980.

Rawar ƙarafa

Jan ƙarfe da baƙin ƙarfe suna karɓar ilektron kuma suna bayarwa cikin sauƙi. Ta haka suke farfasa gurɓataccen kitsen da ke cikin LDL zuwa ɓurɓushi masu kai hari ga sauran kitsen. A shekarar 1989 Hermann Esterbauer na Jami'ar Graz a Ostiriya ya bayyana hanyar auna wannan ta haske mai tsawon zango nanomita 234. Da farko akwai lokacin jinkiri, inda bitamin E da sauran abubuwan kariya na cikin LDL ke ƙarewa, sannan lalacewar ta bazu da sauri.

Sisteyin da homosisteyin

Sisteyin da homosisteyin suna da rukunin tiyol, wato farar wuta haɗe da haidurojin. Rukunin yana miƙa wa ƙarfe ilektron, ya mayar da shi siffar da ta fi ɓarna, kuma ana samar da sufa'oksaid a hanya. A shekarar 1987 Jay Heinecke da abokan aikinsa sun nuna cewa ƙwayoyin tsokar bangon jijiya da aka rena a ɗakin gwaji suna buƙatar sistin kafin su lalata LDL. Sistin ƙwayoyin sisteyin biyu ne a haɗe. Ƙwayoyin halitta suna shan sa, su fitar da tiyol.

Tasirin ya danganta da nau'in ƙarfen da kuma yawan tiyol ɗin. Binciken Sean Lynch da Balz Frei na shekarar 1997 ya nuna cewa tiyol na ƙara lalacewar da baƙin ƙarfe ke jawowa, amma yana rage wadda jan ƙarfe ke jawowa.

Metiyonin

Metiyonin ba shi da rukunin tiyol, don haka ba ya kunna ƙarfe kamar sauran biyun. A cikin furotin ApoA-I na ƙwayoyin HDL, metiyonin yana karɓar oksijin daga gurɓataccen kitse ya rage illarsa. Sai dai daga metiyonin ne jiki ke samar da homosisteyin, kuma yana buƙatar folet da bitamin B12 da B6 domin sarrafa shi.

A cikin jikin mutum

Yawancin waɗannan sakamako daga ɗakin gwaji suke. A cikin jini, furotin transferin yana riƙe baƙin ƙarfe, seruloplasmin da albumin kuma suna riƙe jan ƙarfe, saboda haka sakakken ƙarfe kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa masu bincike ke ganin lalacewar ta fi aukuwa a cikin bangon jijiya.

Kilmer McCully ya danganta yawan homosisteyin da cutar jijiyoyi a shekarar 1969, bayan nazarin yara masu cutar gado da ke sa sinadarin ya taru a jininsu. A jinin mai lafiya yawansa yana tsakanin maikuromol 5 zuwa 15 a kowace lita. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2006, NORVIT da HOPE-2, sun rage homosisteyin ta hanyar ba marasa lafiya folik asid da bitamin B, amma yawan bugun zuciya bai ragu ba. Gwajin HOPE na shekarar 2000 ma bai sami amfanin ƙwayoyin bitamin E ga zuciya ba. Rage yawan LDL kansa, ta hanyar abinci da magungunan statin, shi ne matakin da ke da tabbatacciyar hujja.