Kifin Tiga da Lafiyar Iyali a Ƙasar Ƙofa: Nazari Kan Haɗa Abinci Mai Gina Jiki da Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar cin kifi da lafiyar iyali, musamman lafiyar ƙwaƙwalwar mata masu ciki da masu shayarwa, a yankin Ƙofa da kewayensa, wato ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa a kudancin Jihar Kano. An bi hanyar bitar rahotannin hukumomi da binciken masana, aka auna su da yanayin zaman jama'ar yankin. Nazarin ya gano cewa kifin yankin ya fi tafiya kasuwa a kan shiga tukunyar gida, kuma yadda ake adana shi kan jawo haɗari. Ya kuma gano cewa kifi ba maganin ciwon damuwa ba ne, amma shirin da zai tara mata a kan sarrafa shi zai samar da abinci da kuɗin shiga da abokan shawara a lokaci guda. Maƙalar ta ba da shawarar gina irin wannan shiri a kan adashe da makarantun Islamiyya da asibitocin mazaɓu.

Fitilun kalmomi: kifi, ciwon damuwa, jego, Tiga, fiya-fiya

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Uwar da ba ta ƙoshi ba, zuciyarta kuma ba ta cikin natsuwa, ba ta da ƙarfin da za ta ja rainon ɗa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, adadin da ya kai kashi 57 a Arewa maso Yamma. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. A ɗaya ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar kan gamu da matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa.

An saba raba waɗannan matsaloli gida biyu, kowace da ofishinta, alhali a cikin gida mace ɗaya ce ke ɗauke da su. Manufar maƙalar ita ce nuna inda suka haɗu, da yadda arzikin ruwan yankin zai taimaka wajen rage su.

2.0 Farfajiyar Bincike

Ƙofa gari ne a ƙaramar hukumar Bebeji, maƙwabciyar Kiru. Daga Kwanar Ɗangora hanya ke yankewa ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa da duwatsun Riruwai. Kogin Kano ya ratso wannan ƙasa daga kudu, kuma a kansa gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974. Tafkin ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, an tsara shi ya riƙe ruwa kusan mita kubik biliyan biyu, kuma shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura. Akwai kuma tafkin Bagauda da gonar ƙyanƙyasar kifi da ke gefensa.

A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na 2011 zuwa 2015 an buɗe makarantar koyon kiwon kifi a Bagauda da makarantar gyaran tarbiyya a Kiru domin matasan da shaye-shaye ya kama. Ke nan yankin na da tushen sana'ar da tushen kulawar, abin da ya rage shi ne a haɗa su.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Nazarin na bita ne. An tattaro bayanai daga rahotannin hukumomin lafiya da na abinci, da binciken da aka wallafa a mujallun likitanci, sannan aka gwada su da abin da ido ke gani a bakin ruwa da kasuwanni da gidaje. An ɗora shi a kan fahimtar cewa lafiya ta ƙunshi jiki da ƙwaƙwalwa da zamantakewa, kuma taɓuwar ɗaya kan taɓa sauran.

4.0 Sakamakon Nazari

4.1 Inda Kifin Yake Tafiya

Da sanyin safiya a bakin Tiga, masunci kan jawo kallin da ya kwana a ruwa, ya zube kamunsa a cikin kwale-kwale: karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu. Kafin ya taka tudu 'yan sari sun kewaye shi da daro. Manyan kifayen su ne kuɗi, don haka sai su hau babur ko mota su nufi bakin titi da birni. Abin da ya rage shi ne ƙananan kifaye irin su kawara, waɗanda ake shanyawa a kan tabarma ko a sayar a ƙaramin farashi.

A gida ma rabon bai cika kai wa ga mai buƙata ba. Tsoka mai kyau ta kwanon maigida ce. Yaro ɗan wata takwas kuwa romo ake ɗiga masa, domin uwa na tsoron ƙaya ta maƙale masa, kuma tsoron nata yana kan hanya. Ga kuma camfin da ke cewa haɗa kifi da nono na jawo ciwon fata, wanda ba shi da tushe a ilimin likita. Cibiyar WorldFish ta ƙiyasta cewa ɗan Nijeriya na cin kifi kimanin kilo 13.3 a shekara, matsakaicin duniya kuwa ya haura kilo 20, kuma rabon Arewa bai kai na Kudu ba.

Abin lura shi ne ƙaramin kifin da aka raina ya fi dacewa da yaro. Idan aka busar da shi, aka daka shi da kansa da ƙashinsa, aka tankaɗe, garin na ɗauke da furotin da kalsiyam da zink da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma babu sauran ƙaya. A kan irin wannan aiki a Bangaladash da wasu ƙasashe ne Shakuntala Thilsted ta samu kyautar abinci ta duniya a 2021.

4.2 Kifi da Ciwon Damuwa: Iyakar Hujja

A 1998 Joseph Hibbeln ya nuna a mujallar Lancet cewa ƙasashen da suka fi cin kifi sun fi ƙarancin ciwon damuwa. Wani nazari na 2016 da ya haɗa bincike 26 da mutane sama da dubu 150 ya gano cewa masu yawan cin kifi sun fi tsira daga ciwon da kimanin kashi 17 cikin ɗari. Ana danganta hakan da maiƙon omega-3, wanda ƙwaƙwalwa ke buƙata wajen ginuwa da aiki.

Sai dai akwai buƙatar taka tsantsan. Alaƙar ta fi bayyana a binciken Turai, kuma bitar ƙungiyar Cochrane ba ta samu gamsasshiyar hujjar cewa ƙwayoyin omega-3 na warkar da ciwon ba. Haka kuma karfasa da tarwaɗa ba su kai kifin teku mai maiƙo yawan wannan sinadari ba. Saboda haka kuskure ne a ce wa mai ciwon damuwa ta ci kifi ta warke.

Hanyar da ta fi tabbata ta bi ta rayuwar yau da kullum. Ƙarancin jini na kawo kasala da mutuwar jiki. Yaro mai yawan laulayi na hana uwa barci, ya cinye ɗan jarinta a kantin magani. Damuwar uwa kuma na komawa kan ɗa: nazarin Surkan da abokan aikinta na 2011 ya nuna cewa 'ya'yan mata masu ciwon damuwa a ƙasashe masu tasowa sun fi fuskantar rama da tsumburewa da kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Matsalolin biyu juna suke ciyarwa.

4.3 Kwalba Ɗaya, Haɗari Biyu

Busasshen kifi na jawo ƙuda da ƙwari. Don gudun asara, wasu masu banda da 'yan kasuwa kan yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper, waɗanda gubar dikulobos ce a cikinsu. Wasu ɓata-garin masunta kuma kan zuba gubar gamalin a ruwa don kifi ya taso. Bandar da aka yi da hayaƙi mai kauri a kan wuta kai tsaye ita ma tana barin sinadaran da ke iya haddasa ciwon daji.

Kwalbar fiya-fiyar da ke ajiye a lungun ɗaki ita ce kuma ake ɗauka a lokacin ƙuncin zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari suke yi. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni saboda irin wannan dalili. Ƙasar Siri Lanka, da ta haramta mafiya haɗarin magungunan ƙwari, ta ga kisan kai ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari a shekara ashirin daga 1995. Ke nan fitar da fiya-fiya daga ɗakin ajiya kariya ce ga miya, kariya ce kuma ga rai.

4.4 Wa Zai Saurari Mai Jego?

Mace ba ta cika cewa tana da ciwon damuwa ba. Abin da za ta ce shi ne "tunani ya yi mini yawa", ko "na rasa abin da ke mini daɗi". Sau da yawa amsar da take samu ita ce "ki yi haƙuri", ko a ce iska ce. Asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tafiyar sa'o'i ce daga ƙauyukan Doguwa, ga kuɗin mota, ga tsoron a ce ta taɓu. Al'adar wankan jego, inda uwa ko gwaggo ke zama da ita har arba'in, babbar garkuwa ce, amma bayan arba'in kowa kan koma harkarsa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ƙarfafa kula da masu lalurar a cikin al'umma. Tunanin ba baƙo ba ne, domin tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara zaunar da marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyen Aro, kusa da Abekuta. A Pakistan, binciken Atif Rahman na 2008 ya nuna cewa inda aka horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su riƙa tattaunawa da iyaye mata, kashi 23 cikin ɗari ne suka rage da ciwon bayan wata shida da haihuwa, inda ba a yi ba kuwa kashi 53. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci su saurari masu damuwa, kuma kalmar da mutanensa ke kiran ciwon da ita ma'anarta yawan tunani, daidai da tamu.

5.0 Shawarwari

Na farko, a kafa ƙungiyoyin sarrafa garin kifi a kan adashen mata da ajin matan aure na Islamiyya. A saya ƙananan kifaye daga masunta, a busar a kan ragar da aka ɗaga daga ƙasa, a daka, a riƙa zuba wa yaro cokali guda a kunu ko fate daga wata shida, tare da ci gaba da shayarwa. Rarar a sayar, ribar ta shiga adashe.

Na biyu, kowace ƙungiya ta samu dattijuwa ko ungozoma da aka horar a kan sauraro da riƙe sirri da gane alamun haɗari, ta kuma san ma'aikacin asibitin mazaɓar da za ta tura mace gare shi.

Na uku, Sarkin Ruwa da dagatai da shugabannin kasuwa su hana fiya-fiya da gamalin, a kuma samar da murhun banda na zamani ta hanyar makarantar Bagauda.

Na huɗu, limamai su ja hankalin magidanta a kan rabon kwano da sauraron iyali, a kuma koya wa matasan da suka fito daga makarantar Kiru kiwon kifi, don kada zaman banza ya mayar da su ruwa.

Na biyar, masana daga Jami'ar Bayero su auna nauyin yara da jinin iyaye mata da yanayin damuwarsu kafin fara shirin da bayansa.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ba a rasa kifi a ƙasar Ƙofa ba, ba a kuma rasa masu tausayi ba. Kifin ne ke wucewa ta ƙofar gida zuwa birni, damuwar mai jego kuma ta tsaya a ƙuryar ɗaki. Turmin da mata za su kewaye suna dakan kawara zai iya tare duka biyun, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: wadda ta zo da kwanonta karɓar gari, idan fuskarta ta canza, akwai wadda za ta lura, ta ja ta gefe ta tambaye ta abin da ke damunta.