Tafintan Da Ke Tsakanin Manhaja Da Sikima

Duk lokacin da manhajar waya ta tambayi uwar garken banki ragowar kuɗin mutum, sai an yi fassara sau biyu, ɗaya a tafiya, ɗaya a dawowa. A cikin manhaja, bayani yana zaune ne a matsayin ƙunshi: mai asusu da sunansa da lambarsa, da igiyar da ta haɗa shi da reshen bankinsa, reshen kuma yana riƙe da jerin masu asusun da shi ma yana ciki. Irin wannan ba ya bin waya yadda yake, dole a shimfiɗa shi ya zama rubutu mai farko da ƙarshe. Takardar da ke faɗin yadda rubutun zai kasance, wane gurbi ne dole, wanne ne lamba, wanne ne kwanan wata, ita ake kira sikima. Kayan aikin da ke kai da komo tsakanin ƙunshi da sikima sun haura shekara talatin ana ƙera su, kuma a ganina tarihinsu duka gardama ɗaya ce: wa zai ja gaba, sikima ko lambar manhaja? Duk sanda aka kori sikima ta ƙofar gida, ta baya take dawowa.

Tun kafin yanar gizo an san amsa guda. Tsarin XDR na kamfanin Sun a 1987 da CORBA a 1991 sun ce a fara rubuta yarjejeniya, sannan na'ura ta fitar da lambar manhaja daga cikinta. Da tsarin rubutu na XML ya samu amincewar ƙungiyar W3C a 1998, sai abubuwa suka zo a jere: SOAP 1.1 a 2000, WSDL da XML Schema a 2001. Masu Java suka samu JAXB a 2003, a shekarar kuma kamfanin BEA ya miƙa XMLBeans ga gidauniyar Apache, Microsoft ma ya saka nasa cikin .NET. Alkawarinsu iri ɗaya ne: ba mu sikima, mu ba ka ƙunshi, ka manta akwai XML.

Mantawar ce ba ta yiwu ba, domin siffofin biyu sun sha bamban tun daga tushe. XML bishiya ce, kowane reshe uwa ɗaya gare shi. Ƙunshin manhaja kuwa raga ce, zare yana iya zagayowa inda ya fito. A Java, gurbin da babu kome cikinsa hali ɗaya gare shi, amma a XML ana iya barin gurbin gaba ɗaya, ko a kawo shi fanko, ko a maƙala masa alamar cewa da gangan aka bar shi, kuma ga banki bambancin "ban aiko lambar waya ba" da "a share lambar wayata" ba ƙarami ba ne. Sikima tana iya cewa ko wannan ko wancan amma ba duka ba, abin da Java ta lokacin ba ta da hanyar faɗa kai tsaye. Sashe na biyar na SOAP ya yi ƙoƙarin cusa raga cikin bishiya ta hanyar alamomin nuni, sai kayan kamfanoni suka riƙa fassara shi kowa da irin tasa, har ƙungiyar WS-I ta hana amfani da shi a ƙa'idojinta na 2004. Daga nan aka juya akalar. JAXB 2.0 na 2006 ya bar mutum ya rubuta ƙunshinsa, ya yi masa 'yan alamomi, na'ura ta haifo sikima. Aiki ya yi sauri, amma yarjejeniya ta koma inuwar lambar manhaja: wani ya sauya sunan gurbi don ya gyara ɗakinsa, can a wani kamfani manhaja ta tsaya cik.

Za a ce laifin XML ne, nauyinsa da yawan surutunsa, kuma JSON ya raba gardama. Akwai gaskiya a nan. Tsarin da Douglas Crockford ya yayata, wanda aka rubuta ƙa'idarsa a 2006, ya fi kusa da siffar ƙunshi, shi ya sa Gson na Google da Jackson na Tatu Saloranta suka yi aikin ba tare da neman sikima ba; a 2018 ma aka cire JAXB daga Java 11. Sai dai sauƙin rubutu bai kawar da saɓanin ba, ya dai hana a gan shi da wuri. JSON ba shi da nau'in kwanan wata, kowa da yadda yake rubuta nasa. A 2010 lambobin saƙonnin Twitter suka yi tsawon da JavaScript ba ya iya riƙewa daidai, dole kamfanin ya riƙa aiko kowace lamba sau biyu, ɗaya a matsayin lamba, ɗaya a matsayin rubutu. Ba a daɗe ba Tony Tam ya fito da Swagger a 2011, wanda ya zama OpenAPI, kuma aikinsa shi ne bayyana gurabe da nau'o'insu domin na'ura ta fitar da lambar manhaja. Wato WSDL ne ya sake riga. Google kuwa bai taɓa rabuwa da sikima ba: Protocol Buffers, da ya buɗe wa jama'a a 2008, yana ba kowane gurbi lamba ta dindindin, don haka sauya suna ba ya karya kome a kan waya.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: in mutum uku ne ke riƙe da manhajar waya da uwar garkenta duka, me zai sa su ɓata lokaci kan yarjejeniya da kansu? Na yarda, a nan farawa da lambar manhaja ya fi arha. Amma hidimar da ta karɓu ba ta zama a hannun mutum uku, kuma tsohuwar manhajar da ke wayoyin mutane ba a iya kiranta a gyara rana ɗaya. Sannan farawa da sikima ma ba ya kashe tambayoyin, yana dai sa a yi su a fili. Shi kansa Protocol Buffers, a bugu na uku na 2016, ya soke gurbin dole, ya kuma daina bambanta sifili da gurbin lambar da ba a aiko ba, don a sauƙaƙa. Masu amfani da shi suka yi ta kewaye-kewaye, har aka dawo da alamar da ke nuna an aiko ko ba a aiko ba a 2021, matsalar da masu JAXB suka yi fama da ita shekara goma sha takwas kafin nan.