Westerbork, Sansanin da Jirgin Talata Ya Cinye

Gwamnatin Holan ce ta gina sansanin Westerbork da kanta, a shekarar 1939, tun sojan Jamus ko ɗaya bai taka ƙasar ba. Da wannan nake farawa kullum, saboda duk wanda na ba wa labarin wurin yakan ɗauka aikin 'yan Nazi ne tun daga tushe. Wanda kuwa ya ɗauka haka ya sauke wa mutane da yawa nauyin da ke wuyansu.

Tun hawan Hitler mulki a 1933 Yahudawan Jamus suke tsallakowa Holan, wasu da takardu, wasu ta bayan gida. A watan Mayun 1938 ministan shari'a, Goseling, ya ba da umarnin a ɗauki duk ɗan gudun hijira a matsayin baƙon da ba a so. Bayan wata shida, a daren 9 ga Nuwamba, aka cinna wa wuraren ibadar Yahudawa wuta a faɗin Jamus, aka farfasa shagunansu, aka kama maza kimanin 30,000. Jama'a suka sake yin dafifi a kan iyaka, gwamnati ta ce to, a tara su wuri guda. Da farko kusa da Elspeet aka zaɓa, sai Sarauniya Wilhelmina ta nuna ba ta so, wai wurin ya matsi fadarta ta Het Loo. Aka nausa can arewa maso gabas, lardin Drenthe, wani fili mai rairayi nesa da mutane, inda iska ke cika ido da ƙura, ruwa kuma in ya sauka ƙafa ta nutse a taɓo. Kuɗin ginin ma a kan al'ummar Yahudawan Holan aka ɗora shi.

Mutum 22 ne suka fara shiga, ranar 9 ga Oktoba, 1939. Cikin waɗanda suka biyo baya har da wasu fasinjojin jirgin ruwan St. Louis, wanda ya ɗauki mutum 937 zuwa Kyuba aka hana kusan dukkansu sauka, Amurka ma ta rufe ƙofa, ya juyo Turai da su. An gudu ba a tsira ba. Ranar 10 ga Mayu, 1940 Jamus ta afka wa Holan, ta tarar da mutum kimanin 750 a Westerbork, da ɗakunan kwana a jere, da ofis, da katin sunan kowa a aljihun tebur. Abin da ya rage mata kaɗan ne: waya mai ƙaya, hasumiyoyin gadi, sai layin dogo. Ranar 1 ga Yuli, 1942 'yan sandan tsaron Jamus suka karɓi ragamar sansanin, ranar 15 ga watan jirgin ƙasa na farko ya tashi zuwa sansanin kisa na Auschwitz da ke Folan. A watannin farko da ƙafa ake kora mutane kilomita biyar zuwa tashar Hooghalen, kafin a shigo da dogon har tsakiyar sansanin.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a tarihin wurin nan shi ne tsabtarsa. Kwamandan da ya zo a watan Oktoban 1942, Albert Gemmeker, ba a san shi da duka ko ihu ba. Yana da gida a bakin ƙofa, yana gaisawa da mutane da ladabi. A ƙarƙashinsa akwai asibiti mai gado wajen 1,800 da likitoci fiye da ɗari, dukkansu fursunoni. Akwai shago, akwai gasar ƙwallon ƙafa, akwai makaranta ta dole ga yara daga shekara 6 zuwa 14. Akwai ma dandalin wasan barkwanci inda fitattun 'yan wasan Berlin irin su Max Ehrlich da Willy Rosen suke ba kwamanda dariya yana zaune a sahun gaba. Uba in ya ga ana koya wa ɗansa lissafi, ana yi wa matarsa magani, ta yaya zai yarda cewa kashe su za a yi? Aikin da asibitin da makarantar suka yi ke nan. Shi ya sa Jamusawa 'yan ƙalilan suka ishi sansanin.

Ragowar aikin fursunonin ne suka yi, kuma nan labarin ya fi ɗaci. Tsofaffin 'yan gudun hijirar 1939, da yake sun riga kowa zuwa kuma suna jin Jamusanci, su suka riƙe ofisoshi, ƙarƙashin wani ɗan'uwansu Kurt Schlesinger. Daga Berlin ake aiko adadi, Gemmeker ya miƙa, su kuma su cike sunaye. Yahudawan Holan sun tsane su a kan haka. Ni dai ba na iya yanke musu hukunci daga kan kujerata, don duk sunan da magatakarda ya ƙi rubutawa, yana sane cewa nasa ko na 'yarsa na iya maye gurbinsa. Kowa a sansanin hatimi yake nema, wanda za a buga masa a takarda a ɗage tafiyarsa: wannan don yana aiki a masana'anta, wancan don ya yi baftisma, wani don ya ba da lu'ulu'u. Sai wata rana a wayi gari an soke jerin gaba ɗaya.

Daga farkon 1943 Talata ce ranar jirgi. Cikin dare shugaban kowane ɗaki zai kunna fitila ya karanto sunaye, mutane na kwance a gadajen ƙarfe masu hawa uku suna kasa kunne. Wanda aka kira ya haɗa jakarsa da bargo. Da safe a loda su a taragun dabbobi, da bokitin ruwa ɗaya da ganga ɗaya ta bayan gida, a yi kwana uku a hanya. Malami ya shiga aji washegari ya ƙirga bencin da ba kowa. A watan Yunin 1943 aka kwaso yara 1,269 daga sansanin Vught, aka ce wa iyayensu wani sansanin yara za a kai su. Ta Westerbork suka bi, ranar 8 ga watan jirgi ya wuce da kusan dukkansu sansanin kisa na Sobibor. Jirage 19 ne suka je Sobibor daga nan, da mutum 34,313. Mutum 18 suka rayu.

Anne Frank, yarinyar da littafin da ta rubuta a maɓoya ya shahara a duniya, ta iso ranar 8 ga Agusta, 1944, tana da shekara 15. Ita ma 'yar gudun hijira ce, haifaffiyar Frankfurt. Da yake a maɓoya aka kamo su, ɗakin horo mai lamba 67 aka kai iyalinta, aka ba su shuɗiyar rigar aiki mai jan ƙyalle a kafaɗa da takalman katako. Aikinsu fasa tsofaffin batura da guduma da kurfi, a ware ƙarfe gefe, baƙin gari gefe, ana tari hannu ya yi baƙi ƙirin. Waɗanda suka gan ta a lokacin sun ce fuskarta a sake take, yarinyar da ta shekara biyu ba ta fita tsakar gida ba. Ranar 3 ga Satumba aka saka su a jirgin ƙarshe da ya nufi Auschwitz, su 1,019. Cikin mutum takwas da suka ɓuya tare, mahaifinta Otto kaɗai ya dawo.

Akwai wata yarinyar kuma, wadda duniya ta san fuskarta shekara hamsin ba ta san sunanta ba. Gemmeker ya sa wani fursuna, Rudolf Breslauer, ya ɗauki fim na sansanin. A ciki, ranar 19 ga Mayu, 1944, ana ganin yarinya da farin ƙyalle a ka tana leƙowa ta ƙofar tarago na 'yan daƙiƙoƙi. Kowa ya ɗauka Bayahudiya ce, sai a 1994 ɗan jarida Aad Wagenaar ya gano Settela Steinbach ce, 'yar shekara 9, daga ƙabilar Sinti, cikin mutum 245 na Sinti da Roma da aka kwashe a ranar.

Jirage 93 suka tashi daga Westerbork. Yahudawa kimanin 107,000 aka kwasa daga Holan, mafi yawansu ta nan, wajen 5,000 suka dawo. Sojojin Kanada da suka iso ranar 12 ga Afrilu, 1945 fursuna 876 suka tarar.

Wurin bai huta ba. An tsare 'yan Holan da suka yi wa Nazi aiki a ciki har 1948. Daga 1951 aka zaunar da tsofaffin sojoji 'yan tsibiran Maluku na Indunusiya da iyalansu, a ɗakunan nan dai, wurin kuma yana amsa sabon suna, Schattenberg. Suka zauna shekara ashirin, a ƙarshen zamansu aka kafa manyan farantan na'urar nazarin taurari a gefen filin, aka rushe gine-ginen. Sai a 1983 aka buɗe gidan tarihi. Yau a filin da ake tara fursunoni an jera ƙananan duwatsu 102,000, ɗaya ga kowane mutum da bai dawo ba.

Kamfanin jiragen ƙasa na Holan, wanda ya yi jigilar mutanen kuma aka biya shi ladan aikinsa, ya nemi afuwa a 2005, bai fara biyan diyya ga mutane ɗaiɗai ba sai 2019, bayan Salo Muller, wanda aka kwashe iyayensa ta Westerbork, ya tsaya masa a wuya. Gemmeker kuwa ya gaya wa kotu bai san abin da ke jiran mutanen a Folan ba. Aka yanke masa ɗaurin shekara 10 a 1949, aka sake shi a 1951, ya koma Düsseldorf ya zauna har mutuwarsa a 1982.