TARIHIN AYA: DAGA MASAR ZUWA GONAKIN MARAƊI

Darasinmu na yau a kan aya yake. Ku karanta a hankali, wanda ya gane ya bayyana wa na kusa da shi.

Kun san aya ciyawa ce. Tana fidda fure a sama, amma ƴaƴanta a cikin ƙasa suke. Idan ƙwaya ɗaya ta ɓuya a gona, da ruwa ya sauka sai ta sake tsirowa. Shi ya sa ba ta ƙarewa a inda ta saba.

Aya tsohuwar shuka ce ƙwarai. Mutanen Masar sun noma ta tun zamanin Fir'aunoni. An sami busasshiyar aya a cikin kaburburansu. A kusa da garin Luksor akwai kabarin wani waziri mai suna Rakmire, wanda ya rayu kimanin shekara 3,400 da suka wuce. A jikin bangon kabarin an zana ma'aikata suna daka aya, suna haɗa ta da zuma. Kun ga ashe dakuwa ba yau aka fara ta ba.

A shekara ta 711 Musulmi suka ƙetara teku suka shiga ƙasar Sifen. A zamanin mulkinsu noman aya ya kafu a can, wajen garin Balansiya. Mutanen garin suna jiƙa ta, su niƙa, su tace, su sa sukari. Suna kiran abin orcata, mu kuwa kunun aya muke cewa.

To, yaya aya ta zama abin neman kuɗi a wajenmu? Tsofaffinku za su gaya muku, a da gujiya ce sarauniya a ƙasar Maraɗi. Da ita ake biyan haraji, da ita ake aure. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don sayen ta. Sai fari ya zo a 1973 da 1974. A 1975 kuma ƙwarin darɓa suka yaɗa wata cuta wadda ta nakasa gujiya. Ƙasa ma ta riga ta gaji. Lalle shekarun nan sun gasa wa manomi aya a hannu. Daga nan mutane suka ƙara ƙarfi wajen wake da aya. Jigawar Agye, da Gazawa, da Gidan Runji ta karɓe ta, babba da ƙarama. Fatake suna kai ta Najeriya. Wata kuma har Sifen take zuwa, don abin da suke nomawa a can ba ya isar su.

Amma ku lura da yadda ake haƙar ta. Ana ƙona ganyen, a tone ƙasa, a tankaɗe ta da rariya. Bayan haka gona tana zama tsirara. Wuta ta cinye abin da zai zama taki, ta kashe ƙananan itatuwa. Idan iskar hunturu ta taso, sai ta kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka.

Saboda haka kada abin da ya sami gujiya ya sami aya. Kada ku maimaita ta a wuri ɗaya kowace damana, ku bi ta da wake ko hatsi. Ku kai takin dabbobi bayan haƙa. Ku kare ƴan gawo da kalgo daga wuta, kamar yadda mutanen Ɗan Saga suka raya itatuwan gonakinsu. Kada kuma ku ba aya gona duka, ku rage wa hatsi wurinsa, don kuɗin aya ba ya kai iyali har kaka.

Ku tattauna wannan da malaminku a aji. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.