Ɗaga Sanda a Wasan Golf: Inda Bugu Ke Gyaruwa Ko Ya Lalace

A wasan golf, ɗaga sanda shi ne motsin da ɗan wasa ke yi daga lokacin da kan sandar ya bar bayan ƙwallo har ta kai sama. Ga ƙwararru, ɗagawar ba ta cika daƙiƙa guda ba, kuma takan ninka lokacin saukowa kusan sau 3. Duk da haka a nan koci ya fi ɓata lokaci da sabon ɗan wasa, ko a kulob ɗin Ikoyi na Legas da aka kafa a 1938, ko a filayen Ibadan, Kano, Kaduna da Rayfield na Jos.

Abin da ake koyarwa da farko shi ne kafaɗu da ƙirji da hannuwa su tashi tare. Idan sandar ta kai daidai kwankwaso, ta kwanta kenan, sai koci ya ce a tsaya. Yana so ya ga ta miƙe tana kallon inda ake son ƙwallon ta je, fuskarta kuma ta ɗan sunkuya kamar yadda bayan ɗan wasan ya sunkuya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne murɗa wuyan hannu da wuri, sandar ta koma bayan jiki. Wajen saukowa dole ta biyo ta waje, ta yanki ƙwallon, ita kuma ta karkace dama ga mai bugu da hannun dama. Sai ka ji mutum yana ta ɗora wa sanda laifi, har ya je ya sayo wata mai tsada. Asarar kuɗi ce kawai.

A sama, kafaɗu sukan juya kusan digiri 90, kwankwaso kusan 45, nauyi ya koma cikin ƙafar baya ba tare da jiki ya zame gefe ba.

Atisayen ba ya cin ko kwabo. A ajiye ƙwallo a bayan kan sanda, a tura ta baya a hankali, a miƙe. Ko a maƙale tawul a hammata, in ya faɗi tun farkon ɗagawa to hannu ya rabu da jiki. Wayar salula ma ta isa: wani ya tsaya a bayanka, wayar daidai tsayin hannuwanka, ya ɗauki bidiyo. Matasanmu masu ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna su fi riƙe wannan, domin da yawa daga ƙwararrun Najeriya daga ɗaukar jaka suka fara.

Amma kada koci ya ce dole kowa ya yi iri ɗaya. Jon Rahm na Sifaniya gajeriyar ɗagawa gare shi saboda matsalar ƙafa da aka haife shi da ita, ya kuma ci gasar Masters a 2023. Jim Furyk na Amurka, mai ɗagawa a karkace, ya gama ramuka 18 da bugu 58 a 2016.