Daga zuge zuwa tawadar firinta: hoto da ajiyar tarihi a ƙasar Kurfai

Kafin zuwan Nasara, tarihin Kurfai a bakin maroƙa da tsofaffi yake, sai ɗan abin da malamai suka rubuta da alƙalamin kara. Hoto baƙo ne. An bayyana sirrinsa a Faransa a 1839, amma bai iso kwarin Dallol Boso ba sai bayan da Faransawa suka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, zamanin Mayaƙi Namalaya. Cikin shekaru ɗari da ƴan kai da suka biyo baya, hanyar fitar da hoto a takarda ta sāke har sau uku, kuma kowane sauyi ya bar tambaya guda: shekara nawa hoton zai yi kafin ya koɗe?

Zamani na farko shi ne na baƙi da fari. Da farko Nasara ne ke ɗauka, su tafi da abinsu, shi ya sa tsofaffin hotunan Nijar da yawa suke a gidajen ajiya na Faransa. Daga baya ƴan ci-rani suka riƙa komowa daga Kumasi da Ankara da hotunansu cikin akwati. Bayan mulkin kai na 1960 sana'ar ta bunƙasa a Yamai, inda Philippe Koudjina ya yi suna wajen ɗaukar samari da ƴan mata. Baƙin irin wannan hoto ƙwayoyin azurfa ne. In an wanke takardar sosai aka ajiye ta a inuwa, tana iya haura shekara ɗari.

Zamani na biyu ya zo a shekarun 1980, da yaɗuwar injunan wanke hoto mai launi a biranen Afirka ta Yamma. Mutane sun yi murna, domin an ga shuɗin rawani da jan sa. Sai dai launin nan rini ne, kuma rini ba ya jure wa rana da zafi. Wanda ya buɗe kundin biki na wancan lokaci zai tarar da fuskoki sun koma jaja-jaja, alhali hoton kaka na baƙi da fari yana nan daram. Wani masani ɗan Amurka, Henry Wilhelm, ya wallafa babban littafi a kan wannan matsala a 1993.

Zamani na uku shi ne na firinta mai fesa tawada. Kamfanin HP ya fito da ThinkJet a 1984. Epson ya fito da Stylus Color a 1994, wadda ta kusantar da bugun kwamfuta ga kamannin hoto. Injunan HP da Canon na gida suna zafafa tawada har ta fito ɗigo-ɗigo, na Epson kuwa suna tura ta da ɗan motsin da lantarki ke haddasawa. Wayar salula ta ƙarasa kashe kasuwar fim, har Kodak ya nemi kariya daga karyewa a 2012. Tun daga 2010 aka sami firinta mai tanki, wadda ake ɗura wa tawada daga kwalba, ta sauƙaƙa wa masu hoton katin shaida da na biki.

A nan ne ya kamata mu waiwayi ilimin malamanmu na zaure. Sun san zuge, wanda ake haɗawa da gawayi da ƙaro. Baƙinsa ba narkewa yake cikin ruwa ba. Gari ne mai laushi da ƙaro ke manna shi a jikin allo ko takarda, kuma rana ba ta cin gawayi. Marina kuwa launinsu shiga yake cikin zare, ya yi ƙyalli, ya kuma ragu da yau da gobe. Tawadar firinta ma iri biyu ce a kan wannan tsari. Akwai ta rini, mai haske da arha, wadda ke saurin koɗewa in an rataye hoto ba gilashi. Akwai ta gari, wadda baƙinta gawayi ne kamar na zuge, mai jure wa haske da danshi. Epson ya kawo irin wannan ga masu hoto a 2000 da injin Stylus Photo 2000P. Ta fi tsada, kuma in aka bar injin kwanaki ba aiki cikin ƙurar hunturu, bakin fesawarsa yakan toshe.

Saboda haka zaɓi ya danganta da manufa. Hoton katin makaranta da za a sāke baɗi, tawadar rini ta wadatar. Amma ƙungiyar da ke son adana fuskokin sarakuna da tsofaffin mawaƙa, ko kasuwar Lahadi ta Filinge, ko shanun Azawak na Tukunus, sai ta nemi tawadar gari da takarda wadda aka yi dominta. Ta guji tawadar kwalba marar suna, domin arha ba ta ado. Ba dole kowace ƙungiya ta sayi injin ba: ana iya tara hotuna a kai Yamai, tazarar kilomita kusan 180, a tambayi mai bugawa irin tawadar da ke cikin injinsa kafin a biya. A buga kwafi biyu, ɗaya na bango, ɗaya na akwati. A rubuta suna da wuri da shekara a baya da fensir, domin hoton da ba a san mai shi ba rabin shaida ne.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Amma waya takan ɓata, katinta yakan lalace, kuma tsohon da ya san sunayen mutanen da ke cikin hoto ba zai dawwama ba. Malaman makaranta su ne suka fi kusa da gidaje. In kowane aji ya aro tsofaffin hotuna daga iyaye, aka kwafe su aka mayar wa masu su, aka buga da tawada mai ƙarko, jikokin Kurfayawa za su gaji abin gani tare da abin ji.